Sandar da Na Saya Saboda Likitan Haƙori

Shekara ashirin da biyu ni da Dod Imrie muna buga ƙwallo ɗaya. Haka ake wasan Kofin Masunta a kulob ɗinmu na golf da ke Pitcarrow, bakin teku: mutum biyu, ƙwallo ɗaya, in na buga ya buga, in na jefa ta cikin ƙaya shi zai shiga ya fito da ita. Ni nake bugun farko a rami na ɗaya, na uku, na biyar, haka har na sha bakwai, shi kuma ya ɗauki sauran. Ba mu taɓa cin kofin ba. Sau biyu muka kai wasan ƙarshe, sau biyu aka koro mu, muka zauna a zauren kulob muna shan miyar kifi muna zagin iska. Ni Lachie Gourlay, kafinta mai ritaya, ban taɓa jin cewa akwai abin da na rasa ba.

Sai ga likitan haƙori.

Struan Meikle sunansa. Bara ya baro Edinburgh ya sayi tsohon gidan fasto da ke kan tudu, ya shiga kulob. Dogo ne, mai fara'a, bai kai shekara hamsin da biyar ba, kowa ya gaisar, har lafiyar karen mutum yake tambaya. Da mugu ne ai da na huta. Abin da ya tsaya mini a wuya sandarsa ce, babbar nan ta bugun farko da muke kira direba. Kanta baƙi wuluk, ya kusa kwanon miya girma, in ta haɗu da ƙwallo sai ka ji tau, ƙwallon ta yi ta tafiya har ka gaji da kallo.

Wata Asabar aka haɗa mu mu uku. Likita ya yi bugun farko, Dod ya tsaya baki buɗe, mutumin da ya yi shekara talatin a jirgin kamun kifi bai taɓa mamakin komai ba.

"Lachie, ka ga wannan? Kai! Likita, wannan ai sai da fasfo za a je a ɗauko ta."

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ta saman leɓe. Na zaro tawa, tsohuwa mai ƙaramin kai, fentinta ya kwakkwaɓe, sanye da hular ulu da matata Ishbel ta saƙa mata. Na buga yadda na saba, ƙwallon ta sauka tsakiyar fili, yadi saba'in bayan ta likita. Dod bai ma gani ba, yana can yana shafa sandar baƙo.

Farkon Afrilu sakataren kulob, tsoho Hector Wishart, yakan manna takarda a allo, kowa ya rubuta sunansa da na abokin wasansa. Kowace shekara Dod ne na farko. Kafin Hector ya gama danna ƙusa ya rubuta namu, da rubutun nan nasa kamar tafiyar kaguwa. Bana na leƙa ranar Litinin, babu. Laraba, babu. Ranar Alhamis ina kai Ishbel kantin magani, na hango mutum biyu a rami na shida, ɗaya dogo, ɗaya gajere mai tafiyar ɗingishi. Ko a cikin hazo na san ɗingishin nan. Na rage gudu har na bayana ya danna mini oda.

"Kishi kake yi," in ji Ishbel.

"Kishi? Ni? Da wa?"

"Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa ganin ka kusa afka wa katanga saboda ni ba."

"Haba, Ishbel, rana ce ta shiga idona."

"Wace ranar? Tun Lahadi ba a ga rana a garin nan ba. Ka ɗaga waya ka tambaye shi mana."

Tambaye shi? In ce masa me? Ni dai na san lissafin da ke kansa, don da ni ne shi, da na yi shi. Dod ya iya tura ƙwallo cikin rami fiye da kowa a gabar nan. Abin da yake buƙata mai kai masa ita nesa, kuma ga shi ya samu. Gaskiya ce Ishbel ta faɗa, kishi nake yi, irin mai hana cin abinci, kuma na ji haushinta da ta gane.

Washegari na shiga shagon Senga Doig, ƙwararriyar kulob, mai koyarwa da sayar da kaya. Tana da wani ɗaki a baya mai raga da na'ura, in ka buga ta nuna maka a bango inda ƙwallon za ta sauka. Ta sa na buga da tsohuwata tukuna, sannan ta yi ta miƙo mini sababbi ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu ta zauna mini a hannu, mai laushin jiki ce, tana ɗaga ƙwallo sama ba sai ka roƙe ta ba.

"Taka ke nan," in ji Senga. "Ta ƙara maka yadi sha biyar, kuma dubi, duk a miƙe. Kada ka ƙara taɓa wata."

"Wacce likita yake riƙewa?"

Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Lachie, ka girme shi da shekara sha biyu, kuma hannunsa ya fi naka sauri nesa ba kusa ba. Tasa tauri ne da ita, ba ta lanƙwasa wa irin bugunka. Wahala za ka saya."

"Kawo dai in gani."

Ta kawo. Na buga goma. Tara suka karkace dama, da a fili ne da suna cikin teku. Amma ta bakwai, ban san yadda aka yi ba, na ji ta har cikin haƙorana, tau, lambar da ta fito a bango kuwa ban taɓa ganin irinta kusa da sunana ba.

"Ka ga taran nan?" in ji Senga.

"Na ga ɗayar nan."

"To. Kuɗinka ne, bayanka ne."

Ta naɗe mini ita, ta haɗa mini da wani ɗan makulli da ake juya kan sandar da shi, a ƙara mata ɗagawa ko a rage. Ta ce in sa shi a aljihun teburi in manta da shi. Ta ce in ɗaga ƙwallon sama a kan tsinken da ake ɗora ta don bugun farko, in matsar da ita wajen ƙafar hagu, kuma abu mafi girma, in rage gaggawa, in bar sanda ta yi aikinta. Na ce na ji.

Ban ji ba. Sati uku ina fama da abar nan. Da safe in tafi filin gwaji da bokitin ƙwallaye, in dawo bayana na ciwo, in shimfiɗa ta a teburin kicin in juya makulli, gobe in koma in tarar ta ƙara lalacewa, in dawo in juya baya. Ishbel ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin na ɓata wa katako lokaci haka ba, kuma katako aƙalla yana zama kujera. Ƙwallon takan tashi kamar abin kirki, sai ta kai rabin hanya ta tuna tana da saƙo a teku. Na zubar da ƙwallaye a ruwan nan da za su cika kwandon kifi. Amma a kowane goma akwai ɗaya, kuma ɗayar nan ita ke tayar da ni washegari.

Ranar da Dod ya fara ganinta, ya juya ta a hannu, ya dubi ƙasanta, ya miƙo mini.

"Me ya sami tsohuwar?"

"Ba abin da ya same ta."

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Ta likita ya shafa ta kamar kyanwa, tawa kuwa, iri ɗaya sak, ta sami "to".

A kwana na tara da manna takardar sunayenmu suka fito a allo, da rubutunsa. Kuna tsammani hankalina ya kwanta? Ina! Layi biyu sama da namu an rubuta Struan Meikle da Hector Wishart. Nan take na haɗa labarin da kaina: Dod ya yi ta jan ƙafa yana jiran likita ya neme shi, tsoho Hector ya riga shi, shi ne ya dawo wa ragowa. Ban tambayi kowa ba. Na riƙe abin a ciki, kullum yana ƙara nauyi.

Wasanni uku na farko da tsohuwar na buga, don ban ga dalilin kunyata kaina gaban mutanen da ba su dame ni ba. Ranar gwaji in cire ta daga jaka in sa sabuwar, ranar wasa in cire sabuwar in mayar da ita. Muka ci duka ukun. Sai jadawali ya kawo abin da nake tsoro kuma nake jira: wasan kusa da na ƙarshe, mu da likita da Hector, Asabar ƙarfe tara.

Na isa da wuri, ana yayyafi, na tafi filin gwaji da sandunan biyu don in yanke shawara. Tsohuwar ta ba ni biyar a miƙe. Sabuwar ta ba ni huɗu a dama, ɗaya a sama. Ina tsaye ina dubansu, sai na ji dariyar Dod daga wurin ajiye motoci. Na waiga. Yana jingine da motar likita, likita na nuna masa wani abu a waya, kawunansu kusan a haɗe. Jinina ya hau. Na tuɓe hular ulu daga kan tsohuwar na sa wa sabuwar, na cusa tsohuwar cikin jaka da niyyar in jefa ta a mota in na wuce, na ja rigar ruwa na rufe bakin jakar, na nufe su da sauri. Ban bi ta motata ba. Kai tsaye na je na tsaya a tsakaninsu ina tambayar ko an ga yadda iska take.

Bugun farko na jefa mu cikin doguwar ciyawa. Dod ya shiga, ruwa har gwiwar wandonsa, ya fito da ita. A rami na uku ƙaya. A na biyar na samu ta tsaya a fili da ƙyar. Abin da ya cece mu abu biyu ne. Hector ya kusa tamanin, duk nisan da likita ya kai masa ƙwallo sai ya ɗan tura ta gaba kamar mai korar kaza. Dod kuwa ranar hannunsa ya buɗe, daga ko'ina ya tura sai ka ji ƙwal a cikin rami. Ni ma gajerun bugu ban yi laifi ba, ina zura hannu ƙarƙashin rigar ruwa in lalubo sandar da nake so. Da muka gama rami na sha shida, mu ke gaba da rami ɗaya. Saura biyu mu kai wasan ƙarshe, karo na uku a rayuwarmu.

Ya kamata a ce ina murna. Amma tun rami na biyu nake tafe ni kaɗai a baya, ina kallon ƙeyoyinsu. Likita na tambayar yadda ake ɗana tarkon kaguwa, Dod na kwatanta masa da hannu biyu, yana ba shi labarin guguwar da ta kusa kifar da su, labarin da ni na ji sau ɗari kuma ban taɓa katse shi ba. A rami na goma Dod ya buɗe gwangwanin biskit ɗin da matarsa ke gasa mana, ya fara miƙa wa likita. Ni na biyu. Kowane bugun likita kuma sai Dod ya yi fito ya girgiza kai. Abokin hamayya fa!

A wurin tashi na rami na sha bakwai, inda ake bugun farko, muka tarar na gabanmu ba su wuce ba, dole muka jira. Yayyafi ya tsagaita. Likita ya buɗe jakarsa, wata ƙatuwa kamar ta mai ƙaura, kawunan sanduna cunkus. Dod ya sa hannu ya zaro direbar, ya kaɗa ta a hankali.

"Likita, da irin bugun nan nake tararwa a gabana kowace Asabar, ai da wandona ya huta da ƙaya."

Wasa yake yi. Yau na san wasa yake yi. A lokacin kuwa ji na yi kamar ya mare ni gaban mutane. Idona ya faɗa kan jakar nan, na ga ƙarafa sun yi yawa, bakina ya riga hankalina.

"Likita, sanda nawa ke cikin jakar nan taka?"



Doka ta ce sanda goma sha huɗu, ba ƙari. Wanda ya fito da fiye da haka a irin wannan wasa, a cire wa ɓangarensa har rami biyu. Kowa ya san wannan. Amma kowa ya san wani abu da ba a rubuta ba: ba ka leƙa jakar wani. A wurinmu mutum shi ke kama kansa. Na ga wanda ya dawo daga cikin ƙaya, inda ba mai ganinsa sai tsuntsaye, ya ce ƙwallonsa ta motsa, a ƙara masa bugu. Ka tambayi mutum sanda nawa ya ɗauko, ka ce masa ɓarawo ke nan, sai dai da ladabi.

"Lachie," in ji Dod, a hankali.

"Tambaya ce kawai. In daidai ne ai ba abin ɓoyewa."

Fara'ar likita ta ɗauke, karo na farko da na ga fuskarsa ba ita. Kunnuwansa suka yi ja. Ya karɓi direbarsa daga hannun Dod ya mayar, ya fara taɓa kawunan ɗaya ɗaya yana ƙirgawa a fili. Ina bin yatsansa da ido, kuma ba zan ɓoye ba, addu'a nake ya wuce sha huɗu.

"Sha uku," ya ce. "Na bar ɗaya a gida, riƙonta ya saki. Wannan lema ce. Wannan doguwar kuma ta ciro ƙwallo daga ruwa ce. In kana so in ara maka."

Har yau ban san ko da gangan ya faɗi ta ƙarshen ba.

Na buɗe baki zan ce to shi ke nan, a wuce. Hector ya ɗaga hannu. Shekara arba'in yana riƙe da littafin dokokin kulob, kuma tun da aka fara maganar bai ɗauke idonsa daga kaina ba.

"A'a, Lachlan," ya ce. In Hector ya kira cikakken sunanka, ka shirya. "Ba a taɓa ƙirga jakar mutum a filin nan ba tun ina sakatare. Tunda an fara, a gama. Baƙo ba zai zama shi kaɗai aka bincika ba."

Ya ƙirga tasa, sha ɗaya. Dod ya kwance tasa ya ƙirga, ko kallona bai yi ba, sha biyu. Na ja jakata gaba har da ɗan murmushi, don shekara ashirin sanda sha huɗu nake ɗauka, ba ta taɓa canzawa ba. Na zuge rigar ruwa na yaye.

Ga ta nan a kusurwa, ƙaramin kanta tsirara ba hula, ta lafe a bayan sabuwar.

Ban ƙirga ba, ba amfani. Hector ne ya matso ya ƙirga da kansa, a hankali, yana taɓa kowacce da ɗan yatsa, yadda kowa zai ji. Ya tsaya a sha biyar.

"Mantuwa ce," na ce. "Na rantse ban taɓa ta ba tun safe. A filin gwaji ne na..."

"Na yarda," in ji Hector. "Rami biyu. Ɗazu kuna gaba da ɗaya, yanzu kuna baya da ɗaya."

Likita ya ce, "Hector, haba, a bar shi mana. Bai buga da ita ba."

"Ba ni da ikon bari, kai ma ba ka da shi. Lachlan, zaɓi wadda za ka fitar daga wasa, ka juya ta kai ƙasa."

Wannan roƙon da likita ya yi mini ya fi hukuncin zafi. Na tsaya da sanda a kowane hannu. Rami na sha bakwai dogo ne, teku na bin sa ta dama tun daga wurin tashi har ƙarshe.

"Juya sabuwar," in ji Dod. Muryarsa ba fushi, ba komai. "Ruwa na dama."

Daidai ya faɗa, kuma ko yaro ya san daidai ne. Amma likita na tsaye yana kallo, kuma abin da kunnena ya ji shi ne, koma wa abin da ya dace da kai, tsoho. Na juya tsohuwar kai ƙasa na cusa ta a jaka.

Likita ya fara bugawa, mai kyau, kamar kullum. Na sunkuya na kafa tsinke, ƙwallon ta faɗo sau ɗaya na mayar da ita. Ba sauran ƙarfi a jikina. Kunya ta kwashe shi duka, ko niyyar duka da ƙarfi ba ni da ita. Na ɗaga sandar a hankali don ba yadda zan yi, na sake ta ta sauko da kanta.

Tau.

Tun da nake ban taɓa buga irinta ba. Ta tashi a miƙe, ta huda iska, ko kallon teku ba ta yi ba. Ta sauka daidai inda ta likita ta tsaya, ta yi tsalle, ta ci gaba da gangarawa, ta wuce ta da yadi goma ko fiye. Ashe abin da Senga take faɗa ke nan.

"Kai!" in ji likita. "Lachie, wannan bugu ne."

Hector ma ya gyaɗa kai. Na juya da sauri wajen da Dod yake tsaye. Ya riga ya saɓa jakarsa ya yi gaba, yana ɗingisawa, kansa a ƙasa.

Muka yi kunnen doki a na sha bakwai. A na sha takwas Dod ya tura wata doguwa da za ta kai mu ƙarin rami, ta zagaya bakin ta fito. Muka cire huluna muka gaisa. Na ce wa likita ya yi haƙuri, maganar ta fito a tauye, shi kuma ya ce ba komai, ya riƙe hannuna fiye da yadda nake so. Hector ya miƙo mini yatsu biyu kawai maimakon hannu.

Dod bai shiga zaure ba. Na same shi a wurin motoci, zaune a kan katanga yana canza takalmi. Na buɗe bayan motata, na sa jakata a gefe ɗaya, na bar masa ɗaya gefen. Gidansa na kan hanyata, kuma tun da muka fara wasa tare ni nake sauke shi.

"Dod, mantuwa ce. Ka san ni. In ban da rami biyun nan..."

"Wa ya yi maka maganar rami biyu?" Ya ɗago. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Sau nawa ka jefa ni cikin ƙaya, na taɓa cewa wani abu? Ka ɗauko sanda talatin ma, da dariya zan yi maka har Kirsimeti. Shekara ashirin da biyu muna faɗuwa tare, Lachie, ban taɓa jin kunyar tsayawa kusa da kai ba sai yau."

"Kai ma ai tun safe kana manne da shi. Tun Afrilu ma. Kwana tara takarda na allo, ka ɗauka ban gani ba? Jira kake ya neme ka."

Dod ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Ya neme ni. Ranar da Hector ya manna takardar, a gaban allon. Na ce masa ina da abokin wasa. Ni na haɗa shi da Hector, don bai san kowa ba. Na bari sai ya sami wani kafin in rubuta namu, kada ya zo ya ga na yi gaggawar rufe masa ƙofa." Ya ɗaure igiyar takalminsa ya miƙe. "Da ka tambaya da ka ji."

Na ce, "Shiga mu tafi, ruwa zai dawo."

"Zan taka."

"Da ƙafar nan taka? Mil biyu ne fa."

Ya saɓa jakarsa ya wuce ta gefen motata, ya fita ƙofar kulob ya kama hanyar gari. Na zauna a mota ban tayar ba, ina kallonsa ta gilashi, ina cewa in ya kai kwanar coci zan bi shi, lokacin ya huce. Ruwa ya dawo da ƙarfi. Bai kai kwanar ba wata doguwar mota mai ruwan toka ta fito daga bayana, ta bi hanyar a hankali, ta tsaya daidai shi. Na ga gilashi ya sauka. Dod ya girgiza kai, ya ci gaba da tafiya. Motar ta bi shi taku kaɗan ta sake tsayawa. Ya tsaya shi ma, ruwa na zuba a kansa, ya waiwayo wajen kulob sau ɗaya. Sannan likita ya fito ya karɓi jakar daga kafaɗarsa, ya buɗe masa ƙofar gaba.